Buhun Siminti Ba Shi da Kafaɗa

Baba Tirela bai taɓa zaton zai ga ranar da za a dubi tsabar idonsa a ce bai iya ɗaukar kaya a mota ba. Kuma wai ba ɗan sanda ne ya faɗa ba, ba wani tsohon direba ɗan'uwansa ba. A'a, autarsa ce, yarinyar da shi da kansa ya koya wa tsallaka titi.

Mutumin nan fa tun gashinsa yana baƙi wuluk yake jan babbar mota, bai sauka ba sai da kan ya yi fari fat. Ya ɗauki siminti, ya ɗauki katako, ya ɗauki shanu suna faɗa da juna a baya, kuma in tsautsayi ya zaunar da kai kusa da shi, ko ba ka tambaya ba sai ya gaya maka cewa ko tsinke bai taɓa faɗo masa a hanya ba. Da gwiwarsa ta ce ta gaji da taka kuloci, sai ya miƙa makulli, ya sayi wata 'yar ƙaramar mota wadda in ya shiga sai ka rantse sa ta ya yi a jiki. Sunan Tirela dai bai rabu da shi ba.

Aiki ɗaya ya rage masa a duniya, ɗauko jikarsa daga makaranta. Fasinja yake ce mata, ita kuma tana amsawa, har wasu malamanta suka ɗauka sunan yanka ne. Tun da hantsi zai wanke motar, ya goge madubi, ya kafa hula, ya je ya tsaya a ƙofar makaranta tun mai gadi bai gama gyangyaɗinsa ba. In ta fito da jakar da ta fi ta faɗi, sai ya buɗe mata ƙofar baya ya ce, "Ina muka nufa, ranki ya daɗe?" Daga nan har gida bakinta ba ya rufuwa: wa ya yi kuka, wa ya cinye abincin wa, wa ya ce motar babansa ta fi jirgin sama gudu. Tun da mai ɗakinsa ta rasu, gidan Baba ya yi shirun da har ƙarar agogon bango take damun mutum. In za a faɗi gaskiya, don wannan 'yar tafiyar yake tashi da safe.

Tsawo ne ya jawo rigimar. Fasinja ta yi wata irin miƙewa a lokacin hutu, kujerar jarirai da aka daɗe da ɗaura mata a motar ta yi mata kaɗan, kanta ya zarce sama, kafaɗu suka matse. Baba bai yi shawara da kowa ba. Ya cire kujerar ya cusa a but ɗin mota, ya ɗauko filo biyu daga kan gadonsa ya jera, ya ɗora yarinya a kai. Da ta ce bel yana yankar mata wuya, sai ya bi da shi ta ƙarƙashin hammatarta. A ganinsa magana ta ƙare.

To ita Auta, uwar Fasinja, ma'aikaciyar jinya ce, kuma a ɗakin da ake shigo da waɗanda suka yi haɗari take aiki, saboda haka ba irin mutanen da ake ce wa "ai ba komai" ba ce. Ranar da ta taso aiki da wuri ta ci karo da su a ƙofar gida, ta leƙa ta ga 'yarta tana lilo a kan filo, sai ta ajiye jakarta a ƙasa a hankali.

"Baba, mene ne wannan?"

"Filo ne. Na gidanmu ne ma, kin san su."

"Na san filo. Ina kujerarta?"

"Ta yi ritaya, kamar ni."

Fasinja ta ƙyalƙyale da dariya. Uwar kuwa ko murmushi babu.

"Baba, in ka taka birki da ƙarfi, filon nan zamewa zai yi, ita kuma ta sulale ta ƙarƙashin bel. Wanda ka sa mata a hammata kuma haƙarƙarinta zai samu. Kullum ina ganin irin su."

"Ni nake tuƙi fa, Auta. Ni! Yaushe kika taɓa ganin na taka birki da ƙarfi?"

"Wanda zai faɗo maka daga kwana ba kai kake tuƙa shi ba."

Ta yi masa bayani cewa akwai kujera ta yaran da suka wuce ta jarirai amma ba su kai zaman manya ba, wadda take ɗaga yaro har bel ɗin mota ya hau inda ya kamata. Ta ce in ta samu sarari za ta nemo. Kafin nan, maƙwabciyarsu da take kai nata 'ya'yan makarantar tana da guda wadda ba a amfani da ita, sai ta riƙa haɗawa da Fasinja.

"In ma ta ji daɗin can, sai a bar ta kawai," in ji Auta. "Kai ma ka huta."

Ka huta! Da ta ɗauko dutse ta jefe shi da ya fi masa sauƙi. Motar maƙwabciyar nan doguwa ce, da sanyi a ciki, da yara sa'o'in Fasinja suna waƙa. Baba ya san halin yara sarai, in aka ɗan jima ba za ta ƙara tambayar Kaka ba.

"Ba wanda zai saya wa fasinjata kujera sai ni," ya ce. "Motata ce, fasinjata ce."

"To, Baba. Amma sai na gani na yarda."

Washegari da sassafe ya nufi wajen amininsa Mai Walda, mutumin da ba a taɓa kawo masa aiki ya ce ba zai iya ba, shi ya sa rabin ƙofofin unguwar ba sa rufuwa sai an sa kafaɗa. Baba ya zana masa abin a iska da hannu. Mai Walda ya ɗaga baƙin gilashinsa zuwa goshi.

"Wai roba suke sayar wa mutane? Roba? Kai, duniya ta lalace. Zauna, in yi maka wadda jikokin Fasinja za su gada."

Ya yanko ƙarfen tsohon gado, ya haɗa da rodi, ya yi mata hannuwa, ya shafe ta da jan fenti, aka ɗora soso aka lulluɓe da leda. Su biyu suka kinkime ta zuwa mota suna nishi, motar ta ɗan durƙusa ta baya. Baba ya kai wa Auta yana tafiya yana gyaran murya.

Auta ta zagaya abin, ta ƙwanƙwasa shi da makullinta, ya yi ƙara kamar ƙofar kurkuku.

"Baba, nama za a gasa a kai?"

"Ƙarfe ne zalla! Ko tirela ce ta bi ta kansa ba abin da zai same shi."

"Shi kam na yarda ba abin da zai same shi. Kan yarinyar da zai bugu da shi nake tunani."

Kujerar ta koma shagon Mai Walda, inda masu jiran aiki suke zama a kai suna tashi da jan fenti a bayan riga.

Ya leƙa wajen 'yan gwanjo. Ya samo wata kujera mai kyau a ido, har zuciyarsa ta kwanta, sai ya kifa ta kamar yadda ya saba kifa duk abin da zai hau hanya, ya ga siririn tsagu a ƙasan robar an shafe da gam. Mai kayan ya rantse da girman Allah cewa wata tsohuwa ce ta yi amfani da ita, kuma ba ta fita sosai.

"Tsohuwa? A kujerar yara?"

Wannan ko wajen Auta bai kai ba. Shi da bai taɓa ɗaura wa motarsa tayar da bai san inda ta kwana ba, ina zai ɗora jikarsa a kan abin da wataƙila ya riga ya sha haɗari?

Duk wannan abin da ake yi, in lokacin tashi daga makaranta ya yi, sai ƙafarsa ta kai shi can ba da izininsa ba. Yakan tsaya nesa, bayan wata motar haya, ya zame a kujera kamar ɓarawo. Ranar nan ya hango Fasinja ta fito, ta sheƙa da gudu ta faɗa motar maƙwabciya tana dariya, ko waiwayawa ba ta yi ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya koma gida, abincin rana yana rufe a kan tebur, bai ko ɗaga murfin ba.

Washegari da rana ya yi wanka, ya sa rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita, ya tafi babban shagon kayan yara, inda ake jera kekunan jarirai a bakin ƙofa. Mai shagon mace ce mai jiki, da tabarau a kan hanci, irin waɗanda suka yi renon yara har suka gaji, ba sauran abin da yake ba su mamaki.

"Sannu da zuwa, Baba. Me za a kawo maka?"

"Kujerar ɗaga yaro a mota. Wadda ta fi kowacce."

"To. Yaron, ka san nauyinsa?"

Baba ya yi murmushin wanda aka yi wa tambayar da ya kwana yana jira. "Yarinya ce. Nauyin nata yana mota, Hajiya. Ina zuwa."

Ya dawo rungume da rabin buhun siminti. Kuma ba tsirara ya kawo shi ba, don Baba mutum ne mai tsari. Ya sa masa rigar sanyin Fasinja da ta manta a mota, mai hula da kunnuwan zomo, har ya ja zif ɗin zuwa sama. Ya dire shi a gaban teburin, ƙura ta ɗan tashi.

"Kullum ina ɗaga ta, hannun nan kuwa ba ya ƙarya. Ita ce wannan, ba ragi ba ƙari."

Mai Shago ta cire tabarau, ta goge da bakin mayafi, ta mayar, ta sake dubawa.

"Allah ya raya ta," ta ce. "Da ganinta ba ta da surutu."

A lungun shagon akwai kujerar mota ta gaske da bel ɗinta, an kafa don gwaji. Mai Shago ta ɗora kujerar yara a kai, ta ce ya zaunar da baiwar Allah. Baba ya zaunar da buhun, ya gyara masa hula. Ta jawo bel ta miƙa masa.

"Bismillah. Na saman nan, bi da shi ta tsakiyar kafaɗarta, kada ya taɓa wuya, kada kuma ya zame ta hannu."

Baba ya dubi buhun. Ya laluba dama, ya laluba hagu.

"Na ƙasan kuma ya kwanta a saman cinyoyinta, can wajen ƙashin ƙugu. Kada ka bari ya hau ciki."

Buhun kuwa daga sama har ƙasa duk ciki ne.

"Sai ka duba mini ko kunnuwanta sun wuce majinginar kai."

"Kunnuwa akwai," in ji Baba da sauri, ya miƙar da na zomon.

A nan Mai Shago ta kasa riƙewa. Ta dafa tebur tana dariya har tabarau ya zamo, wata mai ciki da take zaɓen kayan jarirai ma ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Baba ya tsaya ƙiƙam da bel a hannu, kunya ta rufe shi tun daga hula har takalmi.

"Yi haƙuri, Baba, ba da kai nake ba," ta ce tana share ido, alhali da shi take. "Nauyi na da amfani, ban ce ba shi da shi ba. Amma buhun siminti ba shi da kafaɗa. Kujerar nan ba ita take riƙe yaro ba, bel ɗin motarka ne yake riƙewa, ita ɗaga shi kawai take yi ta daidaita bel ɗin. Dole in ga yarinyar a zaune, kuma a cikin motarka, don wata kujerar ba ta zama a wata motar. Je ka ɗauko ta."

"Ba za a ba ni ita ba sai da kujera."

"Ni kuma ba na ba da kujera sai da ita."

Suka tsaya suna kallon juna, buhu yana zaune a tsakaninsu da kunnuwansa a kwance. Baba ya ji kamar ya zauna a ƙasa ya yi ta kuka. Can sai ya ɗaga kai.

"Hajiya, ke an hana ki shiga mota ne?"

Ta dube shi ta saman tabarau. Ciniki dai ya ɗan lafa, kuma wallahi tana son ganin yarinyar da aka yi wa wakilci da siminti. Ta ce wa abokiyar aikinta ta kula da shago, ta zaɓo kujeru uku, duk ta nuna masa tambarin da ke manne a jikinsu na cewa an gwada su an amince. Baba ya cusa biyu a but, but ya ƙi rufuwa, ya zaro igiya. A nan kam ya nuna ko shi wane ne, ya zarga, ya ja, ya sa gwiwa, ya ƙulle, har masu wucewa suka tsaya kallo. Kujera ta uku da buhu suka zauna a baya.

Mai Shago ta shiga gaba ta ɗaura bel ɗinta. Baba ya shiga ya tayar da mota. Ta lura nasa bel ɗin a maƙale yake tun tuni, amma ta bayan gadon bayansa, a kansa yake zaune.

"Baba, kujerar ce ta ɗaura bel, ko kai?"

"Don kada motar ta dame ni da ƙii-ƙii ne. Motocin yanzu sun fi masu su baki."

Ta ce, "Uhm." Tuƙi dai ta yarda ya iya. In ya zo tudun kan titi sai ya hau shi kamar mai tsallake barcin jariri, har ta fara gyangyaɗi kafin su iso.

Ranar hutun Auta ce, maƙwabciya kuma ba ta daɗe da sauke Fasinja ba. Da jin hon, uwa da 'ya suka fito tare. Fasinja ta leƙa ta taga ta ƙwalla ƙara.

"Kaka! Wa ya sa wa buhu rigata?"

"Wakiliyarki ce. Ta yi ƙoƙari, amma ba ta ci jarrabawa ba."

Auta ta dubi igiya, ta dubi buhu, ta dubi baƙuwar da take fitowa daga motar mahaifinta tana gyara mayafi. Suka gaisa. Kafin Baba ya gama kwance ƙullinsa matan nan biyu sun zama kamar 'yan uwa, suna magana ƙasa-ƙasa suna satar kallonsa.

Aka fara gwaji a ƙofar gida. Ta farko ba ta da baya, 'yar dakali ce kawai. Bel ya zauna ba laifi, amma Mai Shago ta tambaya ko yarinyar tana barci a mota.

"Ba ta barci," in ji Baba. "Hira muke yi."

"Ina yi mana," in ji Fasinja. "In ka fara labarin shanu."

Aka ajiye wannan, tunda mai barci tana buƙatar abin da zai tare mata kai. Ta biyu ruwan hoda ce, da wurin ajiye kofi hagu da dama. Fasinja ta rungume ta ta ce ko ita ko ba komai. Amma da aka sa ta a 'yar motar Baba sai ta cika wurin, ta danne maƙalin bel ɗin, sai an cusa hannu an yi ta lalube kafin a same shi. Mai Shago ta girgiza kai ta ce abin da yake wahalar ɗaurawa, wata rana gajiya za ta sa a ƙi ɗaura shi. Fasinja ta turo baki har ya kusa taɓa hancinta.

Ta uku ruwan toka ce, ba ado ko ɗaya, da dogon baya da majinginar kai mai hawa da sauka. Ta zauna daram a kujerar baya. Aka ɗora Fasinja, aka ɗaga majinginar daidai kanta, aka bi da bel ta cikin maratayinsa. Ya sauko ta tsakiyar kafaɗa, ya ratsa ƙirji, na ƙasan ya kwanta a saman cinya. Auta ta durƙusa, ta ja nan, ta taɓa can, ta sa yarinyar ta sunkuya ta miƙe. Baba yana tsaye a bayanta, numfashi ma a hankali yake yi.

"Ta yi," in ji Auta.

"Bari in ɗan ƙara mata igiya ta baya."

"A'a!" in ji matan biyu a tare.

Fasinja dai ba ta huce ba, sai da Baba ya raɗa mata cewa ruwan toka kalar manyan motoci ce, ruwan hoda kuwa ta masu koyo. Nan take ta gyara zama.

Ya rage a mayar da Mai Shago bakin aikinta, sai aka ce kowa ya shiga, tafiyar ta zama gwaji. Aka sauke buhu a jikin katanga, aka tuɓe masa riga. Mai Shago ta zauna gaba, Auta ta zauna baya kusa da 'yarta. Baba ya shiga yana jin kansa kamar sabon ango, ya gyara madubi don ya hango fasinjarsa. Abin da ya gani shi ne tana zare kafaɗarta daga bel, tana tura shi bayanta.

"Ke! Me kike yi?" in ji uwar.

"Irin na Kaka nake yi. Mu manyan direbobi ba ma ɗaurewa."

Auta ta leƙo ta tsakanin kujeru, ta ga bel ɗin da mahaifinta yake zaune a kai. Mai Shago ta juya tana kallon waje kamar an kira ta.

"Baba."

"Wannan daban, Auta. Fasinja a ɗaure ta, na yarda, na ma fi kowa yarda. Amma direba ba ya ɗaure kansa."

Ya juyo da kyau, ya dafa kan kujera, don labari ne da ya saba bayarwa. Wata shekara, tun ba a haifi Auta ba, yana saukowa wata doguwar gangara da lodin gishiri, birki ya ƙwace. Ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka ruwa. Ya nemi sauke giya, ta ƙi. Ya buɗe ƙofa ya diro cikin ciyawa, motar ta wuce ita kaɗai ta kife a kwari, gabanta ya koma kamar gwangwanin da aka taka.

"Da a ɗaure nake, da babu ke, babu ita. Kuma ku ji, da aka je ɗaga motar, ko buhu ɗaya bai kwance ba."

Kullum a nan ake dariya, shi ma yakan yi. Abin da bai taɓa haɗawa da labarin ba shi ne tsoro. Tun daga ranar nan, duk abin da ya ratsa masa ƙirji sai ya ji numfashinsa yana ɗaukewa, kuma ko yanzu in yana tuƙi, gwiwar hannunsa ba ta nisa da mariƙin ƙofa.

Fasinja ta mayar da bel ɗinta kafaɗa, don uwar ta zare mata ido. Labarin ya burge ta ƙwarai.

"Kaka, in birkin wannan ya ƙwace, dirowa za ka yi?"

"Kafin ki ƙifta ido," in ji Baba, bakinsa ya riga tunaninsa.

Ta ɗan yi nazari, ta dubi maƙalin bel ɗinta da yatsunta ba su iya dannawa ba tukuna. Ba da wasa ta yi tambayar ba, so take ta san tsarin tafiya, kamar kowane fasinja.

"To ni in jira ka a ciki? Za ka dawo ka kwance ni?"

Auta ta sunkuyar da kai. Baba ya ga gangarar nan a gabansa kamar yau, ya ga motar tana tafiya ba kowa a sitiyari, sai dai wannan karon ba gishiri ba ne a baya. Shi da yake alfahari bai taɓa yar da kaya ba, bai taɓa tsayawa ya lura cewa shi ne ya bar kayan ya gudu ba.

Ya buɗe ƙofa ya fita. Ya danna maƙalin, bel ɗin ya saki da ƙyar, ya bar shatin ƙura a jikin kujerar. Ya dawo ya zauna, ya jawo shi. Ƙarfen ya yi ta bugun gefen ramin bai shiga ba. Ba wanda ya taya shi, don sun san in aka taya shi ba zai yafe ba. Can ya shiga, ƙwas.

"Ba a wuya ba, Kaka, a kafaɗa," in ji Fasinja daga baya. "Na ƙasan kuma kada ya hau ciki."

"Ina zai bi in bai hau ciki ba? Ko'ina ciki ne."

Mai Shago ta yi dariya. Baba ya ɗaga tumbin da hannu ɗaya, ya tura bel ɗin ƙasa. Zufa ta keto masa ta ƙarƙashin hula. Ƙirjinsa ya matse, ya ji hannunsa yana neman mariƙin ƙofa da kansa. Ya janye shi, ya ɗora a kan sitiyari kusa da ɗan'uwansa, ya damƙe.

"Ba inda za ni," ya ce, ba tare da ya juyo ba. "Kin ji ko, Fasinja? Inda kike, nan nake."

"To mu tafi mana, zafi nake ji."

Auta ta share fuska da gefen mayafinta, ta gyara murya.

"Baba, gobe da wuri za su tashi daga makaranta. Kada ka makara."

Ya kunna sigina duk da ba kowa a layin, ya duba madubi, ya saki birki a hankali suka hau titi.